WA ZAI BA DA LABARINMU? DARASI DAGA KAKURI

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da maganin ƙwari, mu yi maganar wani kayan aiki wanda kowace jam'iyyar gama kai ta ke da shi, amma ba kowa ya san darajarsa ba. Watau littafin nan da magatakarda ya ke rubutu a ciki ran taro. Sau da yawa in littafin ya cika, sai a jefa shi bayan akwati. Gara ta ci rabi, yoyon ɗaki ya lalata rabi, abin da ya saura kuwa a naɗe ƙosai da shi. To, ku biyo mu zuwa Kakuri, kudu da kogin Kaduna, ku ga abin da rubutu irin wannan ya yi wa waɗansu talakawa 'yan'uwanmu.

Sa'ad da jiniya ta yi shiru

Duk wanda ya zauna a Kakuri ko Makera ko Nasarawa a shekarun baya ya san ƙarar jiniyar masaƙa. Ita ce agogon unguwa. Da ita masu aikin dare su ke tashi, da ita masu aikin safe su ke shiga, da ita kuma mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa su ke sanin lokacin sauke tukunya.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Kafin shekara goma ta cika, sai ga Nortex, ga Arewa Textiles, ga UNTL, duk a wannan gefen kogi. Audugar da manoman Funtuwa da Gusau da Zariya da Gombe su ke nomawa, nan a ke kawo da yawa daga cikinta a mai da ita yadi. Dubban samari suka baro ƙauyukansu daga kudancin Zariya da Filato da Binuwai da sauran wurare suka zo neman aiki. Da yawansu 'ya'yan manoma ne, ba su kuwa yar da fartanya ba. In mutum ya tashi daga aiki, sai ya nufi 'yar gonarsa a bayan gari.

A shekarar 2002 aka rufe KTL, ba a kuwa biya ma'aikata kuɗin sallamarsu ba. Sauran masaƙun suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ma ta tsaya a 2007. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injuna, da kuma yadi mai araha da a ke shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya.

Ma'aikatan da aka bari hannu wofi suka kafa ƙungiya domin neman hakkinsu. Cikin ayyukan da ƙungiyar nan ta yi, akwai wani wanda ba ya cin kuɗi ko kaɗan. In ɗaya daga cikinsu ya rasu yana jiran hakkinsa, sai su rubuta sunansa. Shekara na bin shekara, jerin sunayen yana ƙara tsawo. Su dai sun rubuta ne domin kada hakkin mamaci ya bi shi kabari, matarsa da 'ya'yansa su rasa abin nunawa.

Daga baya wata malamar jami'ar Mishigan ta Amurka, Farfesa Elisha Renne, wadda ta riga ta yi nazarin tarihin masaƙun Kaduna tare da Farfesa Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello, ta bi sawun waɗannan mamata. Ta zauna da matan da aka mutu aka bari, ta ji daga bakinsu yadda aka yi jinya ba kuɗi, yadda aka kai gawa gida, yadda yara suka bar makaranta, da irin sana'ar da uwa ta kama domin a ci abinci. Wajen shekarar 2020 littafinta ya fito a kan mutuwa da masaƙu a Nijeriya.

Ku lura da kyau. Takardun kamfani za su gaya wa mai bincike yadi nawa aka saƙa, riba nawa aka ci, hasara nawa aka yi. Amma yadda iyali suka kwana ran da albashi ya yanke, wannan sai a jerin sunayen nan da bakin matan nan. Da ba a rubuta ba, da nan da shekara hamsin ba abin da zai saura sai kangon gini.

Abin da ke cikin ma'ajiyar gwamnati

In ka haye gada zuwa arewacin kogi, akwai manyan wurare biyu da a ke ajiye takardun tarihi. Ɗaya shi ne reshen Kaduna na ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda aka tara takardun mulkin Arewa tun zamanin Turawa. Na biyu shi ne Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mai da shi cibiyar binciken tarihi, yana kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wuraren nan suna da amfani ƙwarai, ya kuwa kamata 'ya'yanmu masu karatu su riƙa zuwa.

Amma wa ya rubuta yawancin abin da ke ciki? Razdan ne da Di'o da hakimi da malamin haraji. A takardunsu manomi yakan fito ne a matsayin lamba: maza kaza a ƙauye kaza, haraji fam kaza, shanu kaza na jangali. Ba safai za ka ga sunan matar da ta riƙe iri a cikin tulu har shekarar yunwa ta wuce ba. Ba za ka ga yadda aka raba aikin gayya ba, ko wa ya fara kawo garmar shanu cikin ƙauye, ko abin da mutane suka ce da suka fara ganin takin zamani. Wanda ya riƙe alƙalami, abin da ya dame shi ya rubuta.

Tsohuwar Karo da manoman Zariya

Akwai misalai biyu daga ƙasar Zazzau da za su nuna mana abin da a ke samu in an saurari talaka.

Na fari shi ne na wata tsohuwa da a ke kira Baba, mutuniyar Karo. Ba ta iya karatu ko rubutu ba, ba ta kuwa riƙe wata sarauta ba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith, tana ba da labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Ta yi zancen ƙuruciyarta, da harin masu kamun bayi, da zuwan Turawa, da aure, da suna, da ƙawance, da aikin gona da na gida. Baba ta rasu a 1951, littafin kuwa ya fito a 1954. Har wa yau ɗaliban tarihi a ƙasashe da yawa suna karanta shi domin su san yadda mata suka yi zama a ƙauyukan Hausa. Ku duba, tsakanin gama ba da labarin da rasuwarta ko shekara biyu ba a yi ba. Da an ce sai baɗi, da an makara.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Wajen 1966 zuwa 1967 wani masani mai suna David Norman da malamansa daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zariya, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Suka riƙa zuwa wurin manoma a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta wane aiki aka yi, a wace gona, mutum nawa, awa nawa, me aka girbe. A zamanin nan masana da yawa suna ganin haɗa shuka, irin gero da dawa da wake a gona ɗaya, rashin wayewa ne. Da aka tara lissafin sai ya nuna cewa manomi ya san abin da ya ke yi: haɗa shuka yana ba shi amfani mai yawa daga eka guda, yana kuma rage masa hasara in damina ta yi gardama. Iyayenmu sun daɗe da sanin wannan, amma sai da aka rubuta kafin masu ofis su yarda.

Abin da ke ɓacewa a kudancin kogi

Kafin Gwamna Lugga ya zaɓi Kaduna, aka kuma ƙaura da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Gbagyi ne su ke zaune a wannan ƙasa suna nomanta. Jirgin ƙasa ya kawo baƙi, bariki ya kawo baƙi, masaƙu suka kawo, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya kawo daga 1975, matatar mai kuma daga 1980. Kowa ya zo yana neman wurin kwana. Yau in ka bi ta Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi, Kamazo ko Gonin Gora, kana tafiya ne a kan tsofaffin gonakin dawa da doya. Akwai dattawa da rai waɗanda za su nuna maka shago su ce nan bishiyar ɗorawar ubansu ta ke, su nuna maka kwalbati su ce nan rafin da su ke kamun kifi ya ke. Kowace shekara kuwa muna binne waɗansu daga cikinsu.

Har wa yau, rikicin da aka yi a Kaduna a 2000 da na 2002 ya sa iyalai da yawa suka haye kogi, waɗansu daga arewa zuwa kudu, waɗansu daga kudu zuwa arewa. Hotuna da takardun gida da yawa sun ƙone. Ambaliyar kogin Kaduna ta 2003 ta tafi da waɗansu. Yaron da aka haifa bayan wannan bai san Kakurin da Musulmi da Kirista su ke haya a gida ɗaya, suna tsayawa a gaban inji ɗaya, suna cin tuwon sallar juna da shinkafar Kirsimatin juna ba. In ba a gaya masa ba, zai ɗauka tun fil azal haka garin ya ke a rabe.

Amfaninsa tun yanzu

Wani zai ce, "Ni da ke fama da kuɗin taki, ina ruwana da mai binciken da zai zo bayan na mutu?" Tambaya ce mai kyau. Amsa ita ce, rubutun nan ku ne za ku fara cin amfaninsa.

Na ɗaya, ruwan sama. Kowa yana cewa damina ta sake hali, amma in ka tambaya yaushe aka yi shuka shekara bakwai da suka wuce, sai gardama ta tashi. Jam'iyyar da ta rubuta ranar ruwan fari da ranar shuka da ranar ɗaukewar ruwa shekara goma a jere, tana da abin dubawa kafin ta yanke shawarar irin da za ta saya, mai saurin nuna ko mai nauyi.

Na biyu, farashi. In kuna da kuɗin mudun masara a kaka da kuɗinsa a bazara na shekaru da dama, za ku san ko ajiya tana biyan wahalarta, ba kuwa wanda zai ruɗe ku da baki.

Na uku, gona. Bisa dokar ƙasa ta 1978, in gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, diyyar da a ke biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-ginen da ke kai. Littafin jam'iyya ba zai tsaya a madadin takardar mallaka ba, kada kowa ya ruɗi kansa. Amma inda aka rubuta tun da wuri cewa wane yana noma wuri kaza tun shekara kaza, iyakarsa daga nan zuwa nan, yana da mangwaro kaza da kaɗanya kaza, ga kuma sa hannun maƙwabta, to, mai gonar ba zai tsaya gaban masu ƙidaya da fatar baki kaɗai ba. Haka kuma in rigimar gado ta taso.

Yadda za a fara

Aikin nan ba ya bukatar taimako daga waje. Ga shawarwarinmu:

1. A sayi littafi mai kauri, mai bango mai ƙarfi, dabam da littafin kuɗi. A rubuta sunan jam'iyya da na unguwa da ranar da aka fara a shafin farko. A yi rubutu da baƙin biro.

2. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su taimaki magatakarda. In maza kaɗai suka riƙe aikin, rabin labari zai ɓace, gama mata ne su ke riƙe da zancen iri, da daka, da ajiya, da kasuwa, da jinya.

3. A kowane taro a ɗauki minti goma a rubuta abubuwa huɗu: halin ruwa, aikin da a ke yi a gona, farashin hatsi da taki da ƙwadago, da abin da ya faru a unguwa, ko haihuwa, ko rasuwa, ko cutar kaji, ko tsutsa a masara, ko sabuwar hanya. A sa kwanan wata da shekara kullum. Rubutun da ba shi da kwanan wata kamar buhu ne marar suna a cikin sito.

4. A jera sunayen tsofaffin da ke cikinku, a fara da wanda ya fi tsufa ko wanda ba shi da lafiya. A je gidansa, a gaishe shi, a nemi izni. Kada a ce, "Baba, ba mu tarihi," gama zai ce shi bai san tarihi ba, ku je wurin sarki. A tambaye shi abin da ya gani da idonsa: "Baba, me ku ke shukawa a nan sa'ad da ka ke yaro?" "Mama, yaya kuka yi da abinci a farin 1973?" "Nawa ne albashinka na fari a masaƙa, me ka saya da shi?" "Yaya kuka ji da aka canja fam da sule zuwa naira a 1973?" "Kun tuna shekarar da cuta ta gama da gyaɗa, watau 1975?" Tsofaffi sukan tuna shekara ta wurin abin da ya faru a cikinta, kamar yadda kakanni a ƙasar Hausa suka raɗa wa yunwar 1914 suna Kakalaba. A rubuta sunan da suka ba shekarar, daga baya a nemi lambarta.

5. A bar mutum ya yi magana da harshen da ya fi so, ko Gbagyi, ko Jju, ko Tyap, ko Adara, ko Tibi, ko Hausa. A rubuta sunayen iri da na kayan aiki da na wurare yadda ya faɗe su. Kada a gyara masa magana domin ta yi daɗi. In tsofaffi biyu sun saɓa, a rubuta duka biyu, kowanne da sunan mai faɗi.

6. Samari su ɗauki murya da hoto da waya, amma kada a dogara ga waya kaɗai. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, katin cikinta yakan mutu. A juye abin da aka ɗauka zuwa wuri na biyu, a kuma rubuta muhimman maganganun a littafi. Masu tsofaffin kaset na biki ko na taro su nemi a juye musu tun zaren bai manne ba.

7. Kada a ƙone tsofaffin takardu. Katin shaidar aikin masaƙa, takardar albashi, rasidin taki, katin asibiti, wasiƙar da ɗa ya aiko daga bariki, duk shaida ne. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, saboda haka duk takardar harajin da ta saura a akwatin wani tsoho ta zama abin tarihi. Kowane tsohon hoto kuma a rubuta a bayansa da fensir: su wane ne, a ina, wace shekara.

8. A ajiye kome a akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan benci nesa da bango, a riƙa buɗewa ana dubawa saboda gara da laima. Kada a ƙulle takarda a cikin leda da damina, gama za ta yi gumi ta ruɓe. A ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi a wani gida dabam. A roƙi shugabannin ekklisiya su ma su duba halin da rajistar baftisma da ta aure da ta jana'iza su ke ciki, domin a wurare da yawa su ne kaɗai takardun da ke ɗauke da sunayen iyayenmu.

Gargaɗi biyu

Magana zarar bunu ce, rubutu kuwa ya fi ta daɗewa. Saboda haka kada a rubuta asirin wani ba da yardarsa ba. Bashin mutum, da ciwonsa, da rigimar cikin gidansa, nasa ne. In tsohuwa ta ce, "Wannan kada a karanta shi sai bayan raina," to, a cika mata alkawari.

Na biyu, a kan kwanakin tashin hankali, mutum ya faɗi abin da ya gani da abin da ya same shi, a bar jita-jita. A kuma tambaya musamman a kan waɗanda suka yi alheri. A kowane ɓangare akwai wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki, akwai wanda ya riƙe wa wani mabuɗin gida har ƙura ta lafa. In ba mu rubuta waɗannan ba, jikokinmu za su gaji labarin wuta kaɗai.

Kada a ce sai baɗi

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ma'aikatan Kakuri da suka riƙa rubuta sunayen 'yan'uwansu ba su yi karatun tarihi ba, amma saboda su ne ba za a manta da waɗannan mutane ba. Mu ma a cikin kowace jam'iyya akwai irinsu: tsofaffin masaƙa da suka koma gona ɗungum, da matan da suka yi renon marayu da kuɗin ganye da tumatir na bakin kogi, da Gbagyin da suka ga gari ya zo ya same su har ƙofar rumbu.

Muna roƙon kowane shugaba ya sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa. Kafin a tashi, a fitar da kuɗin littafi, a zaɓi mutum biyun nan, a kuma ambaci sunan tsoho ko tsohuwar da za a fara ziyarta cikin makon. Jam'iyyar da ta fara, ta aiko mana da labari domin mu buga, sauran su gani su yi koyi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.